Kazar Aro a Ɗakin Ajiyar Iri

Ban taɓa mantawa da wata Laraba ta ƙarshen watan Afrilu ba, ranar da na ɗauke kaza daga kan ƙwanta da hantsi, saura kwana uku ta ƙyanƙyashe. Ina rubuta labarin ne saboda ku da za ku fita koyon aiki a bana. An ce kowannenmu ya kawo abu ɗaya da ya faru da shi a wurin aiki, ni kuwa ba na iya tsayawa gaban aji, shi ya sa na zaɓi takarda.

Ina aji huɗu a fannin kiwon dabbobi aka tura ni wata shida a gonar gwaji ta wani ofishin aikin gona, a bayan garin Dutse. Gonar gwaji wuri ne da ake fara gwada sabon iri ko sabuwar hanyar kiwo kafin a kai wa manoma. Tamu ƙarama ce. Akwai shugaban sashe, Malam Habu, wanda duk umarni daga wurinsa yake fitowa, shi ne kuma yake sa hannu a littafin aikina kowace Juma'a. Akwai maigadi, akwai direba. Sai Iya Dije, dattijuwa mai shara da ba kaji abinci, wadda a takardar ma'aikata sunanta ne na ƙarshe, a gonar kuwa ta fi kowa daɗewa.

Ni a unguwar Takur cikin Dutse na tashi, gidan ma'aikacin gwamnati, tsakar gida duk siminti. Mahaifiyata ba ta kiwo. Abin da na sani game da kaza, daga littafi na san shi, kuma na san shi da kyau: zafin da ƙwai yake buƙata, kwanakin da yake yi, yadda ɗan tsako yake juyawa a cikin ɓawo. Abin da ban iya ba shi ne tambaya. Na yi wata uku a gonar, tsakanina da Iya Dije gaisuwa ce kawai. Ita ta laƙaba mini suna Likita, saboda kullum da biro a aljihuna, in ta faɗa sai in sunkuyar da kai in wuce.

A lokacin Malam Habu yana aiki da wata ƙungiyar mata a garin Aujara. Yana so ya nuna musu cewa ba sai da injin ƙyanƙyasa ba, wanda ke buƙatar wuta dare da rana. Kazar gida ma za ta iya ƙyanƙyashe ƙwan ingantattun kaji in an sa mata. Matan suka ce sai sun gani. Aka nemi wadda za ta ba da aron kaza mai iya kwanci, aka yi ta kallon juna, can wata dattijuwa da ake kira Gwaggo Asabe ta shiga gida ta fito da wata wake-wake, mai ɗigon fari da baƙi. Kajinta biyar ne, amma sauran huɗun duk 'ya'yan wannan ne. Sharaɗin shi ne za a mayar mata da kazar tare da dukan 'yan tsakin, ta raine su a gidanta inda sauran mata za su riƙa gani.

Malam Habu ya nuna ni ya ce, “Gwaggo, ga wanda zai kula da ita.”

Ta dube ni tun daga takalmi har hula, ta tambayi sunana. Na ce Munzali. Sannan ta miƙo mini kazar a hannu, ba direba ta ba ba, ba kuma Malam Habu ba. “To Munzali, ga amana,” in ji ta.

Kazar ta yi kusan wata guda a gonar kafin ta saba. Ɗakin kaji muna da shi, amma ta ƙi shi. Ta zaɓi ɗakin ajiyar iri, wanda a lokacin babu kaya a ciki, ta riƙa shiga ta wata kafa a ƙasan ƙofa. A kusurwar bayan ƙofar siminti ya fashe, ƙasa ta fito, nan ta tona gurbinta ta riƙa saka ƙwai. Da ta fara kwanci, Iya Dije ta kwashe ƙwanta ta sa mata guda goma sha biyu na ingantattun kajin. Da magariba ta yi wannan aikin, bayan lokacin tashi. Na tsaya na gani, na rubuta rana da lokaci a littafina, na sa wa kowane ƙwai lamba da fensir. Ban tambayi dalilin da ya sa ta jira magariba ba. Na ɗauka lokacin ne ta samu sarari.

Cikin kwanakin kwancin na shagala da abin da nake ganin shi ne babban aikina: akurkin da uwar da 'ya'yanta za su zauna. Na zana shi daga wani hoto a littafi, na tsaya kan kafinta kwana biyu. Yana da ƙafafu huɗu dogaye, kowace a cikin gwangwani mai baƙin mai don kada tururuwa ta hau. Jikinsa ragar waya, rufinsa sabon kwano, cikinsa dusar katako. Na ajiye shi a fili gaban ofis inda duk mai shigowa zai gani.

Ranar Talata da yamma, kwana goma sha bakwai da fara kwanci, Malam Habu ya kira ni ofis. Ya ce motar irin shuka na daminar bana za ta iso Juma'a da yamma. Ƙa'ida ita ce kafin a zuba iri a ɗaki sai an yi masa feshin maganin ƙwari, a rufe shi ruf kwana biyu. Masu feshi za su zo gobe ƙarfe biyu.

“Ka fitar da kazarka kafin nan. Ai akurkinka ya gama ko?”

Na ce, “Ya gama, Yallaɓai.”

“Babu matsala dai?”

Na ce babu.

Iya Dije ta riga ta tafi gida, kuma na ji tana faɗa wa maigadi cewa gobe tana da suna a unguwarsu, sai azahar za ta shigo. Gidanta ba nisa, daga ƙofar gonar ana hango bishiyar da ke gabansa. Na tsaya a ƙofar na ɗan lokaci, na yi ta tunanin yadda zan yi sallama, da abin da zan ce in 'ya'yanta mata ne suka amsa. Ƙarshe na tari adaidaita na koma Takur. Na gaya wa kaina cewa da safe ya fi, akwai haske, zan ga abin da nake yi.

Laraba ƙarfe goma na shiga ɗakin ajiyar da kiret ɗin ƙwai a hannu. Kazar ta kumbura ta tayar da gashi, ta kai mini sara sau biyu a bayan hannu. Na ɗaga ta na sa a kwali na rufe. Ƙwan kuwa na kwashe su ɗaya bayan ɗaya a hankali, domin na san a irin waɗannan kwanakin ba a son a girgiza su. Na jera su a kan dusar katakon bisa lambobinsu, na ɗauko kazar na ɗora ta a kai.

Ba ta kwanta ba. Ta tsaya tsaye, ta miƙa wuya, ta dubi filin da ke kewaye da ita ta cikin raga, ta yi wani irin kuka mai kaifi. Kafin in ja ƙofar akurkin ta bi ta ƙarƙashin hannuna ta dira ƙasa, ta sheƙa da gudu sai ɗakin ajiya. Na bi ta. Na tarar da ita a gurbinta, ta baje fukafukai a kan ramin da babu komai a ciki, ta lumshe ido.

Na sake ɗauko ta, ta sake gudu. A karo na uku na riga ta, na tura ta ciki na sa sakata. Tunanina shi ne in ta ga babu hanya za ta haƙura. Sai ta shiga zarya, daga wannan bango zuwa wancan, tana cusa kai a raga, tana taka ƙwan kamar ba ta taɓa ganinsu ba. Ina tsaye na ji ƙarar fashewa. Mai lamba bakwai ne. Na zura hannu na ɗauko shi, ɓawon ya rabe, ga ɗan tsako a ciki ya kusa cika halitta, gashinsa a jiƙe, ƙafarsa tana ɗan motsi. Ya yi motsin a tafin hannuna na ɗan lokaci, sannan ya daina.

Rana ta ɗaga. Wanda ya san bazarar Dutse ya san abin da kwano yake zama kafin azahar. Kazar ta buɗe baki tana haki, fukafukanta sun saki. Na kewaya akurkin ban san sau nawa ba. Na shiga ofis na buɗe littafin da na kwafo zanen, na duba daga farko har ƙarshen babin, babu inda aka ce ga abin da za ka yi in kaza ta ƙi ɗakin da ka gina mata. Na ciro waya zan kira Iya Dije, sai na tuna ban taɓa karɓar lambarta ba. Na fito, na koma, na sake fitowa. Idona yana kan agogo, yana kan hanya, yana kan ƙwai goma sha ɗaya da suka yi fiye da awa biyu babu uwa a kansu.

Sha biyu da rabi Iya Dije ta shigo, da ƙunshin goron suna a hannu. Tun daga ƙofa ta hango kazar a cikin raga. Ba ta yi sauri ba, amma ba ta tsaya gaisawa da maigadi ba.

“Likita, wa ya tashe ta?”

“Ni ne, Iya.”

“Da wannan ranar?”

Na yi mata bayanin feshin. Na nuna mata wanda ya fashe. Ta dube shi ta ce, “Allah sarki.” Sannan ta zura hannu ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kara a fatar idonta, ta mayar da shi kunne tana saurare. Ta ɗauki wani ta yi haka.

“Suna nan. Ka gode wa Allah bazara ce. Da lokacin sanyi ne, da tuni ka gama da su. Buɗe mata.”

“Za ta gudu, Iya.”

“Ai gudun nake so ta yi.”

Na buɗe. Kazar ta nufi ɗakin ajiya. Iya Dije ta kwashe ƙwan a ƙwarya ta bi ta, ta durƙusa, ta riƙa tura mata su ƙarƙashin ƙirji ɗaya ɗaya. Kazar ta sa baki tana gyara su, ta girgiza jiki, ta lafe.

Da muka fito Iya ta ce, “Kaza mai kwanci wurin take riƙewa a kanta, ba ƙwan ba. In ka ɗauke ta tana gani, can za ta koma ko da dutse ka ajiye mata. Sai duhu ya shiga ake tashinta, ta kwana a sabon wuri, ta farka ta same shi nata ne. Ba a gabanka na sauya mata ƙwai ba?”

“A gabana ne.”

“Har rubutu na ga kana yi.”

Ta ce yanzu kazar ta firgita, dole a bar ta ta huce, sai magariba a ɗauke ta. Na ce masu feshi ƙarfe biyu za su zo.

“To je ka faɗa wa Yallaɓai.”

“Ni?”

“A'a, ni da na tashe ta.”

Sau biyu ina zuwa bakin ofishin Malam Habu ina juyowa. A na uku ya hango ni ta taga ya ce in shigo. Na tsaya gaban teburinsa na faɗi komai a jere, kamar mai karanta rahoto, domin ta haka kaɗai zan iya. Ya ajiye biro.

“Jiya na tambaye ka ko akwai matsala.”

“Haka ne, Yallaɓai.”

“Ba ka sani ba ne, ko ka sani ka yi shiru?”

“Ban sani ba.”

“To me ya hana ka tambayar wadda ta sani?”

Na dubi ƙasa. Ya ce ba zai iya ɗage feshin zuwa gobe ba, domin in ɗakin bai cika kwana biyu a rufe ba, irin manoma ne zai kwana a waje, kuma hadari ya fara taruwa da yamma. Muna cikin maganar masu feshin suka iso a kan babura da tankokinsu. Malam Habu ya fita ya ja shugabansu gefe, ya roƙe shi su fara zuwa wani ɗakin ajiya da ke jiransu a cikin gari, su dawo nan daga baya.

Mutumin ya yi dariya ya ce, “Mun sha jiran darakta, mun sha jiran mai makulli. Yau kuma kaza za mu jira.”

Aka tsaya a kan ƙarfe biyar. Malam Habu ya juyo gare ni ya ce, “Biyar, Munzali. Ko tana ciki ko ba ta ciki, za a rufe ɗakin nan.”

Ƙarfe biyar na yamma a watan Afrilu rana ce tarwai. Na koma na faɗa wa Iya Dije, ina jiran ta ce ba zai yiwu ba. Ta ɗan yi tunani tana tauna goro, ta ce tunda ba za a jira duhu ba, sai mu yi mata namu. Daga nan ta shiga aike na, ban ƙara zama ba. Na je bayan ɗakin kaji na ɗauko gindin wata fasasshiyar randa. Na roƙi maigadi aron bukkarsa ta ciyawa da ke ƙarƙashin darbejiya, inda yake ajiye tabarma da buta. Ita ce wuri mafi sanyi a gonar. Iya ta sa na tona ɗan rami a cikin bukkar, na yayyafa masa ruwa, na dasa gindin randar a ciki. Ta barbaɗa toka da busasshen ganyen darbejiya a kewaye saboda ƙuma. Ta ce danshin ƙasa yana taimakon ɗan tsako wajen fasa ɓawo, in ƙwai ya bushe da yawa sai ya maƙale a ciki. Wannan na san shi a littafi da wani suna, da na'urar auna shi, amma ban taɓa haɗa shi da ruwan buta ba.

Bayan sallar la'asar muka toshe tagar ɗakin ajiya da buhuna. Iya ta kifa wa kazar kwando a inda take, ta lulluɓe shi da baƙin zane, muka ja ƙofa muka fito. Ta ce a ba ta rabin awa. Ita ta zauna a kan benci tana fifita, ni na kasa. Na je ƙofar gona na leƙa hanya, na dawo, na duba bukka, na sake komawa ƙofa.

“Likita, zauna. Kai ma sai an kifa maka kwandon?”

Huɗu da rabi muka shiga. Ta hana ni kunna fitilar waya. Ta zura hannu ƙarƙashin zanen, ta rufe kan kazar da gefensa, ta ɗago ta ta manna a ƙirjinta. Kazar ta yi ɗan gunaguni kawai. Na kwashe ƙwan a ƙwarya, zan miƙe ta ce, “Ƙasar fa?” Ban gane ba. Ta ce in kwashe ƙasar gurbin duka, da gashin da ya zuba a ciki da ɗan yayin da kazar ta tara, kada in bar komai. Na sa hannu biyu na tattara a tasa. Muka ratsa filin a hankali, ita a gaba. A cikin bukkar na zuba ƙasar a gindin randa, na yi mata ɗan kwari a tsakiya, na jera ƙwan, ban ko dubi lambobin ba. Iya ta sauke kazar a kai da zanen a kanta, ta kifa kwando, ta zare zanen ta lulluɓe kwandon da shi, ta ɗora dutse.

Muka tsaya muna saurare. Da farko ƙarar ƙafa muka ji a jikin randa. Sai ƙarar ta ragu, aka ji ƙwai yana gogar ƙwai a hankali, sannan shiru.

“Kada ka leƙa,” in ji Iya.

Muna fitowa muka ji ƙarar baburan masu feshi.

Alhamis da safe ita ce ranar da za a gane ko abin ya yi. Dole a buɗe wa kaza mai kwanci sau ɗaya a rana ta ci, ta sha, ta yi birgima. Iya ta rufe ƙofar bukka, ta ajiye hatsi da ruwa, ta ɗaga kwandon. Kazar ta tashi ta miƙe ƙafafu, ta ci, ta sha. Sai ta nufi ƙofa. Ta sa ido a wata kafa ta jikin zana tana kallon ɓangaren ɗakin ajiya, ta yi ta kai da kawowa a gindin ƙofar. Na buɗe baki zan yi magana, Iya ta ɗaga mini hannu. A agogona minti goma sha takwas ta yi a haka. Sannan ta juyo, ta kewaya randar sau ɗaya, ta hau ta kwanta.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Kwantawar kaza daban, rayuwar abin da ke cikin ƙwan daban. Kwana biyun nan ban iya karanta shafi guda ba. Juma'a na kai wa Malam Habu littafin aikina, ya karanta abin da na rubuta na ranar Laraba har ƙarshe, ya sa hannu.

Asabar babu aiki, amma na je. Tun daga bakin bukka na ji ƙaramin kuka daga ƙarƙashin kwando. Zuwa yammacin Lahadi guda tara suka fito. Biyu suka rage, uwar ta tashi ta bar su. Ƙa'idar aiki ita ce a fasa wanda bai ƙyanƙyashe ba a ga dalili. Ɗaya baragurbi ne, babu abin da ya taɓa samuwa a ciki. Ɗayan kuwa ɗan tsako ne cikakke, ya mutu bai fasa ba. Ba zan iya rantsewa cewa awa biyun nan ne suka kashe shi ba, ba zan kuma iya rantsewa ba su ba ne.

Saura inda za su zauna. Bukkar ta maigadi ce, kuma a sake su a fili ba zai yiwu ba, domin shirwa ba ta rabuwa da sararin gonar. Wannan karon na je na sami Iya Dije tana shara na ce, “Iya, ki zo ki duba mini akurkin nan.”

Ta jingina tsintsiya, ta kewaya shi, ta ce, “Wannan ai rumbu ka gina. Wa zai hau da su can sama?” Ta zura yatsu uku a idon ragar ta ce inda waɗannan suka shiga, ɗan tsako zai fita, jaɓa kuma za ta shigo. Amma ta ƙwanƙwasa katakon ta ce yana da ƙarfi, kuma ragar ta fi kwando, domin suna shan iska, shirwa kuma sai dai ta gani ta wuce. Muka yanke ƙafafun, muka cire katakon ƙasa, muka zaunar da shi a kan ƙasa ƙarƙashin darbejiya. Muka shimfiɗa zana a kan kwanon, na kewaye gindinsa da raga mai ƙananan ido. Mazubin ruwan da na tanada na manyan kaji ne, ta ce a ciki za su nutse. Ta kawo kasko ta cika shi da tsakuwa, ruwan ya tsaya a tsakankaninsu. Da magariba muka mayar da su, uwa da 'ya'ya. Ranar da za a ɗiga musu maganin rigakafi a ido, ita ta riƙe su ni na ɗiga, ta ce wannan kam ba ta iya ba, idonta ba ya gani sosai.

Da suka yi sati uku muka ɗora akurkin a bayan mota muka nufi Aujara. Mata sun taru a tsakar gidan Gwaggo Asabe. Ba ta fara duba 'yan tsakin ba. Kazarta ta ɗauka, ta shafa ƙirjinta ta ji ko ta rame, ta buɗe ƙarƙashin fukafukai, ta duba ƙafafu. Sannan ta dubi cikin akurkin.

“Sha biyu na ji an ce an sa mata.”

Malam Habu ya dube ni, ya ja baya. Na faɗi abin da ya faru a gaban matan, tun daga ɗaukar ta da hantsi har kulle ta a ƙarƙashin kwano. Wata daga baya ta ce, “Da rana? Ko jikata ba za ta yi haka ba.” Aka yi dariya. Gwaggo Asabe ba ta yi ba. Ta tambayi wanda ya gyara, na ce Iya Dije ce, mai ba kajinmu abinci. Ta ce in gaishe ta da kyau.

Ta saki kazar cikin akurkin, ta tsaya tana kallon yadda 'yan tsakin suka ruga ƙarƙashinta. Sauran matan suka matso suna taɓa ragar, suna tambayar inda ake samun mai ƙananan idon. Malam Habu ya ga fuska ta sake, ya ce in Allah ya kai mu ta sake kwanci, ko Gwaggo za ta ƙara ba mu aronta, a gwada karo na biyu.

Ta ce, “Gwaji dai a yi. Amma ba za ta ƙara fita daga gidan nan ba. In ta kwanta zan aika, shi ya zo da ƙwansa da maganinsa na ido, ya same ta a gurbinta.”

Haka aka yi, na je sau biyu kafin wata shidana su cika, na farko da ƙwai, na biyu da magani, kuma duk biyun a kan tabarmar tsakar gidanta na cika littafin aikina.

Abin da zan ce muku bai da yawa. Duk inda aka tura ku, za ku tarar da wani wanda ba ya sa hannu a takarda, ba a kiransa taro, amma ya yi shekaru hannunsa yana cikin aikin. Ku neme shi tun satin farko. In kun ga ya yi abu a wani lokaci ko ta wata hanya, ku tambayi dalili kafin ku rubuta. Ni kunyar tambaya ɗaya na ji, ɗan tsako ya mutu a tafin hannuna, wata baiwar Allah kuma ta daina yarda kazarta ta kwana a wurinmu, kuma ban ga laifinta ba.